Sheƙar Ungulu a Bayan Mahauta

Ni 'yar mahauta ce, a Ƙauran Namoda aka haife ni, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Muna yara, in na kai wa Baba abinci mahauta, sai na yi ta kora da zane kafin in samu hanya, don yawan ungulu. Su ke share jini da tumbi kafin rana ta take. Ba wanda ya lura da lokacin da suka fara ƙarewa, har ni.

A shekarata ta uku a jami'a malaminmu na nazarin halittu ya raba mana takardu da madubin hangen nesa, ya ce kowa ya je garinsu da hutu ya ƙirga ungulun da suka rage. Ya ce masu haɗa magani ne ke sayen kan ungulu da ƙwanta, ita kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara.

Na hau mota na je Shinkafi ranar kasuwa, na wuni a mahauta ban ga ko gashinta ba. Zurmi ma haka, banda dariyar da na sha. A gida na same su, guda biyu tak, sun yi sheƙa can ƙololuwar wata kuka a bayan mahautarmu, ɗaya tana kwance kan ƙwai. Don murna, kullum da safe sai in ɗauki kujera in zauna in kafa wa kukar madubi.

Wautata ke nan. Mace da hijabi tana leƙen itace ɗaya kwana da kwanaki, ai ko makaho ya san akwai abu a sama. Ni da kaina na nuna sheƙar.

Ran nan na iso na tarar an kafa turaku a jikin kukar, irin waɗanda ake takawa a hau, sun kai rabi. Zuciya ta taso mini. Na kira malamin. Ya ce hanya ba lafiya, ba za su iya zuwa ba, amma za a rubuto wa ƙaramar hukuma takarda. Takarda! Kafin a buga mata hatimi an soye ƙwan.

Na samo dutse na shiga fitar da turakun da hannuna ya kai. Ina cikin haka mai su ya zo, wani maharbi da buhu a kafaɗa.

Ya ce, "Ke, mi kika yi haka? Kukar ubanki ta?"

Na ce, "Ba ka hawa."

"Wa zai hana ni?"

Na jingina bayana da itacen. Na rantse a raina sai dai ya taka ni. Mutane suka fara taruwa, wasu na cewa boko ya taɓa mini kai. Ashe an kai wa Baba labari. Sai ga shi da wuƙa a ɗamara, hannu duk jini. Na ɗauka ni zai kora gida.

Ya dubi maharbin ya ce, "Tambaya ka yi, ko? To ta ubanta ta, tun daga yau. Ku ɗauko min teburina."

A gindin kukar ya kafa teburin nama, wurin da ba mai wucewa sai ƙuda. Masu saye suka ragu, abokan sana'a suka yi ta yi masa tsiya, wai ya zama mai gadin ungulu. Ya ci gaba da yankan namansa. In ya tashi da yamma, ƙanensa mai tsire ya hura wuta a wurin. Takardar jami'a ta iso daga baya, Baba ya sa aka manna ta a jikin kukar, ko da yake shi ba ya karanta boko.

Hutu ya ƙare ƙwan bai fashe ba. Na koma makaranta na miƙa rahotona da kunya, ungulu biyu a garuruwa uku. Makonni suka wuce. Ina tsakiyar aji wayata ta yi ta ruri, na ga Baba ne, wanda bai taɓa kirana ba sai an yi rasuwa. Na fita da gudu na ɗaga wayar.

Ya ce, "Ɗiyata, koma ki karɓo takardar nan taki. Ki goge biyu, ki rubuta ukku."