Gefe Ɗaya na Maɗaci

A ƙauyenmu, gabas da Daura, kakata Iya Dije ba ta fara tatsuniya sai ta gyara wutar murhu. Unguwarzoma ce, ɗakinta kullum ƙanshin sassaƙe yake. Bayan isha'i mukan zagaye ta muna gasa gyaɗa a toka, ita kuwa tana mana tsiya: "Kunnuwa kamar na zomo, ji kuwa babu."

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ta wata mata da ɗanta ya kwanta zazzaɓi. Matar ta shiga kurmi tana kuka, sai ta ci karo da gada. Gada ta kai ta gindin maɗaci ta ce, "Sassaƙi gefe ɗaya, ki shafe wurin da laka, ki bar masa ɗaya gefen ya rayu." Yaro ya warke. Labari ya bazu, mata suka yi ta zuwa wurin uwar yaron da 'ya'yansu a goye, ita kuma ba ta iya cewa a'a. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ta zagaye bishiyar. Maɗaci ya bushe, tsuntsaye suka tashi, gada ta yi gaba. Da ciwon ya dawo wa ɗanta, busasshen itace ta tarar.

Na taɓa tambayarta, "Iya, muguwa ce ke nan?"

"Ina fa, 'yar nan! Tausayi ne ya yi mata yawa. Ta manta shi ma icen abin tausayi ne."

Wannan kaɗai ce ba ta rufewa da ƙurunƙus. Sai dai ta ce mu tashi, hayaƙi ya shiga idonta.

Bara na kai 'yata gandun dajin bayan garinmu, wanda yanzu aka hana sara da farauta a cikinsa. Ko sawun gada ba mu gani ba, marke da ƙirya da yawa sun tafi gawayi. Da wani tsoho mai gadin wurin ya ji jikar Iya ce ni, sai ya kai mu gindin wani ƙaton maɗaci, gefe ɗaya duk tabo, ɗayan lafiya lau.

"A nan take ɗibar sassaƙe, Allah ya jiƙanta," in ji shi. Ya nuna wani ruɓaɓɓen kututture a kusa. "Wancan ne na farkonta."

Iya tana da ɗan fari da ya rasu yana ƙarami, ba ta taɓa kama sunansa ba. Mu duk a zatonmu kunyar ɗan fari ce.