Ranar da Na Daina Tuntuɓe

Mahaifina malamin Hausa ne na da, irin masu yawo da jan biro a aljihun gaba. Ko wasiƙar gaisuwa na aiko masa daga makarantar kwana, sai ya gyara ta ya ajiye mini. Littattafansa suna cikin wani akwatin ƙarfe, tsofaffi ne duka, na sarakuna da aljanu da matafiya, kuma ya haddace su tas. Na zamani kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. Cewa yake yi ba komai a cikinsu sai leshi da turare da kukan 'yan mata.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, na tattara na dawo gida Daura, kullum in tafi Sandamu inda nake koyarwa in dawo da azahar. Likita ya ce jikin zai iya tashi, amma sai mai jikin ya so. Baba kuwa bai so ba. Ya daina magana, ya juya fuska bango, kunu ma sai an yi da gaske yake karɓar cokali biyu. Tsoro ya cika ni a lokacin. Duk safiya sai na tsaya a bakin ƙofarsa na saurari numfashinsa kafin in iya shiga.

Na buɗe akwatin na fara karanta masa bayan la'asar. Ko motsi. Mahaifiyata ce ta gano matsalar, ta ce me mutum zai jira a labarin da ya san ƙarshensa? Sai na shiga neman sabo wanda zai shiga kunnen mai son tsoho. Mai sayar da littattafai a kasuwa ya zube mini guda ashirin, kowane bango budurwa ce ta yi tagumi. Na buɗe uku na ajiye, domin akwai shafukan da ko da wuƙa a wuya ba zan karanta wa ubana ba.

Wata malama abokiyar aikina ce ta sa ni a wani guruf na waya, inda wata mata ke sakin labarinta babi-babi kowace rana. Labarin wani tsoho ne mai gyaran rediyo a wani gari na bakin iyaka, wanda ya rufe shagonsa ya tafi neman ƙanensa da ya ɓace tun suna samari. Labarin ya yi daɗi. Rubutun ne dai sai addu'a, domin baiwar Allah ba ta sa lanƙwasa a baƙi ko ɗaya. Kasa da ƙasa duk ɗaya ne a wurinta, kafa da ƙafa ma haka. Ina karantawa ina tuntuɓe ina komawa baya. A rana ta uku na iso inda ta rubuta "ya bata", na karanta "ya ba ta", sai na ji murya daga jikin bango, a karkace, da ƙyar:

"Ɓata."

Kalmarsa ta farko ke nan cikin wata guda. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo.

Daga nan ya juyo. Yana gyara ni yana tsaki, yana shan kunu don kada in ce sai ya sha zan ci gaba. Tsohon da ke cikin labarin ya kai wani gari mai nisa, zazzaɓi ya kayar da shi a tashar mota, ba wanda ya san shi. A daidai nan marubuciyar ta yi shiru. Kwana ɗaya, kwana biyu. Wasu a guruf suka ce wayarta aka sace, wasu suka ce haihuwa ta yi. Na gaya wa Baba matsalar sabis ce. A rana ta huɗu ya ture kofin ya koma kallon bango.

Washegari a ofishin malamai, lokacin hutun ƙarfe tara, na zauna na rubuta babin da kaina a cikin wayata. Baba bai taɓa yafe ƙarya ba, ko ta yaro ce, kuma na san in ya gane na maishe shi abin lallashi, zai rufe bakinsa har abada. Amma na fi tsoron shirun.

Na karanta masa da la'asar. Na sa wata mai sayar da fura ta ja tsohon inuwa ta jiƙa masa goshi. Baba ya juyo, ya saurara har ƙarshe. Ina murna a raina, sai can na lura bai gyara ni ko sau ɗaya ba. Nan na gane kuskurena. Na rubuta abin yadda ya koya mini, kowane baƙi da lanƙwasarsa, na kuma karanta shi sumul daga farko har ƙarshe. Ni da kullum nake tuntuɓe sau goma a shafi.

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ya daɗe yana dubana da idon nan nasa na aji. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce. "Tsohon nan, ya za ki yi da shi?"

"Za ki" ya ce, ba "za ta" ba. Na ce ban sani ba tukuna, Baba, wallahi ban sani ba.

Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya jawo kofin kunun da kansa.

"To kada ki yi gaggawar kashe shi. Bai ga ƙanensa ba."