Bugun da Na Ji a Hannun Kakata

Shekarun baya, ina ƙaramar sakandare a Talata Mafara, malamin kimiyya ya koya mana yadda ake ɗora yatsu a wuyan hannu a ji bugun zuciya. Kafin la'asar na riga na naɗa kaina likitan unguwa. Na taɓa hannun ƙannena, na taɓa na mai shayin bakin titi, har akuyar mahaifiyata na kama na laluba ƙafarta, na sanar da mutanen gida cewa tana da hawan jini. Wautata ita ce da na ɗauki wannan guntun ilimi na shiga da shi ɗakin kakata don in tsokane ta.

Kakata ita ta haifi mahaifina. Daga Damaga aka ɗauko ta lokacin da zaman ƙauye ya gagara. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, amma namu ya wuce na kowa. Ina ce mata amaryata, tana ce mini ragon miji wanda bai san hanyar kasuwa ba. Kullum na shiga gaishe ta sai na tambaye ta yaushe za ta tafi mu ci gumba, don na riga na zaɓi rediyonta a gado. Ita kuma ta ce ba inda za ta sai ta ga macen da tsautsayi zai kai ta aure ni.

Ran nan na kama hannunta ina dariya. Bugun ƙannena yana tafiya daidai, kamar mata biyu da suka saba daka a turmi ɗaya. Nata kuwa kamar an ba yaro ganga. Ya zo a guje, ya tsaya, ya zo a jere, ya sake ɓacewa har in ɗauka ya tafi ke nan. Na sake wuri, na kama ɗayan hannun. Duk ɗaya. Na daina dariya.

"Mi ka ji, likitan awaki?" in ji ta.

Na ce ba komai, na fita.

A makon nan wani dattijo mai sayar da albasa a unguwarmu ya faɗi yana cikin alwala, kafin a ɗauko mota ya cika. Aka ce zuciya ce. Da na ba wani abokina labarin hannun kakata, maimakon ya kwantar mini da hankali sai ya ce ai haka take farawa. Ya ƙara da cewa ni ne kullum nake kira mata mutuwa, kuma baki yana kamawa. Wannan magana ta shige ni ta zauna. Na lissafa sau nawa na ambaci gumba a gabanta, lissafi ya ƙi ƙarewa.

Na sami mahaifiyata tana tankaɗe na faɗa mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce jiya akuya, yau kakata, gobe kuma sai wa? Na tari mahaifina a zaure, ya ce wasana da ita ne, kada in kuskura in kawo masa shi. Daga ƙarshe na koma wurin kakata ita kanta, na ce mata da gaske nake, zuciyarta ba ta tafiya daidai, ya kamata a je asibiti. Ta yi dariya har tana tari, ta ce ashe na ƙosa, gumbar ce ba zan iya jira ba. Duk gidan babu wanda ya ɗauka maganar ta fita daga wasa. Ni na koya musu haka, shekara da shekaru.

Sai na fara sa mata ido, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Tsakanin ɗakinta da inuwar darbejiya sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. In an dube ta sai ta ce kaji take ƙirgawa. Kuma na san ba za ta taɓa faɗa wa mahaifina ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zauna ta ce masa nan ke mata ciwo.

Na daina tsokanarta. Na koma durƙusawa ina gaishe ta da ladabi kamar surukata, har ta fara cewa wanga yaro ba shi da lafiya. A aji, duk wanda ya leƙo ƙofa sai in ce ni aka zo kira. In an tashi makaranta, tun daga bakin lungu nake miƙa wuya in ga ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu. Akwai ranar da na hango maza zaune a jere. Na daɗe a tsaye jikin katanga kafin na gane taron suna ne a gidan maƙwabta.

Na taɓa jin malaminmu ya ce goro yana sa zuciya gudu. Kakata kuwa ba ta rabuwa da shi. Don haka na shiga kwashe mata goro daga ƙarƙashin matashi. To, in kai shi ina? Zubarwa almubazzaranci ne. Sai na riƙa cinyewa, ina korawa da shayi mai kauri. Barci ya gudu, ido ya faɗa, ita kuma tana ta zagin ɓeraye.

Wata Asabar da hantsi ina gonar shinkafarmu ina korar tsuntsaye, sai na ji zuciyata ta yi tuntuɓe. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan. Kamar ta tsaya cak, ƙirjina ya zama fanko, sannan ta doka da ƙarfi har maƙogwarona. Na saki gwangwanin da nake kaɗawa. Jim kaɗan ta sake. Na zauna a bakin kwalbatin ruwa na yi kalmar shahada, na maimaita don kada ta farko ta zama da gyara. Tsuntsaye suka sauka a gabana suna cin shinkafa kamar an gayyace su walima, ban ko ɗaga hannu ba. Abin da nake tunani shi ne, na kira wa tsohuwa mutuwa, ga ta nan ta zo, kuma mu biyu za ta ɗauka.

A haka mahaifina ya same ni ina kuka. Wannan karon bai ce wasa ba ne, don rabonsa da ganin hawayena tun ina yawo ba wando. Ranar da za a kai ni asibiti, muna fitowa sai ga kakata ta yafa mayafi. Mahaifina ya ce ta zauna ta huta. Ta juya wajen mahaifiyata ta ce a faɗa masa ba a kai mata miji asibiti tana zaune.

Likitar mace ce. Ta saurari ƙirjina, aka manna mini wayoyi, wata na'ura ta zana layi a takarda. Ta tambaye ni ko na taɓa suma, ko ƙirjin yana ciwo, ko numfashi na gagarata in ina ƙwallo. Na ce a'a. Ta ce zuciyata ba tsayawa take yi ba. Wani bugu ne yake rigan lokacinsa, sai ta ɗan jira, na bayansa ya zo da ƙarfi, shi ne nake ji. Ta ce mutane da yawa suna da shi, kuma in zuciya lafiyayya ce ba ya cutarwa. Rashin barci da fargaba da shayi da goro ke tayar da shi. Da ta tambayi ko ina cin goro, kakata ta juyo a hankali ta dube ni.

"Ashe kai ne ɓeran."

Har mahaifina ya murmusa. Ya miƙe zai yi godiya, ni kuwa na kasa tashi. Na san in muka fita ƙofar nan kakata ba za ta sake shigowa ba.

"Likita, don Allah ki taɓa nata."

"Ƙyale shi, ɗiyata," in ji kakata. "Gado shi ka jira."

Likitar ta kama hannunta tana dariya, kamar ta shiga wasan. Ina kallon fuskarta dariyar ta tafi. Ta gyara zama, ta ɗauko abin sauraro, ɗakin ya yi tsit. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba. Na so a ce ƙarya nake, ko da za a yi ta yi mini dariya har in tsufa. Ta tambayi kakata tun yaushe take haki. Kakata ta juya wa mahaifina baya, ta amsa a hankali cewa tun kafin damina. Mahaifina ya sunkuyar da kai.

Nata ba irin nawa ba ne. Likitar ta ce sashen sama na zuciyarta karkarwa yake maimakon ya buga, ga hawan jini. In aka bar shi, jini na iya daskarewa ya haura kai ya shanye ɓarin jiki. Amma akwai magani, kuma mutane suna daɗewa da shi in sun riƙe maganin. Na tambaye ta ko maganar da mutum ke yawan yi tana iya jawo shi. Ta ce shekaru ne da hawan jini, babu ruwan bakin kowa.

Har yau in na tuna, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ciwo biyu suka yi kama a ƙarƙashin yatsuna, ɗaya ba komai, ɗaya kuma yana iya kwantar da mutum. Da yatsa ba a rabe su, sai an auna. Kuma na gane mai yawan wasa yana bukatar wata murya ta daban da mutane za su gane shi da ita ranar da ya zo da gaske.

Daga baya an kai ta Gusau an yi mata hoton zuciya, aka ɗora ta kan magani. Tana nan da ranta, tana sha safe da yamma, mahaifina yana kai ta asibiti duk lokacin da aka sa mata. Hakin ya ragu, bai tafi duka ba. Tawa zuciyar kuwa har yanzu takan yi tuntuɓe in jarrabawa ta matso, sai in tsaya in ja numfashi in ci gaba da abin da nake yi.