Kukumar Talle a Dir'iyya

Badamasi Ɗan'azumi bai gaji kiɗa ba, ɗan maƙera ne a Ɓaɓura. Tun yana saurayi ya liƙe wa Talle mai kukuma, yana ɗaukar masa jaka, har ya shiga cikin 'yan amshi, har ya fara ƙirƙirar waƙar kansa. Da ciwon ajali ya kama Talle, shi ya miƙa wa kukumar, da sharaɗi ɗaya: duk inda za a goga ta, a fara da kiran sunan mai ita. Badamasi bai taɓa saɓawa ba. Ya yi wa manoma waƙa, ya yi wa mahauta, ya riƙe ƙungiyarsa da mutunci, har zamanin da masu biki suka gane cewa yaro ɗaya da lasifika ya fi arha. Mutumin da ake aika wa goron gayyata ya koma ba mai nemansa.

A 2013 ya zo Riyad ta Saudiyya, ya zama lebura a wani sito a unguwar Sulay, yana dakon kwalaye. Kukumar na naɗe a zani a ƙarƙashin gado. Amma mai kiɗa ba ya iya zama shiru. Sannu a hankali ya haɗa Musbahu direba da Oumarou mutumin Maraɗi, ɗaya na amshi, ɗaya na dukan bokitin fenti. Ranar Juma'a bayan la'asar sukan rufe ƙofa, ya rera musu sababbin waƙoƙi a kan zafin gari da jiran takardar zama ta iƙama da kewar gida. Ƙarti majiya ƙarfi sukan sunkuyar da kai suna share ido.

A 2019 wani kamfanin shirya taro ya nemi makaɗan Afirka don wani biki a Dir'iyya, kusa da Riyad, aka ɗauki su Badamasi. Badamasi ya kasa ɓoye murnarsa. Ya kira matarsa Jamilatu a gida, ya ce ta kai wa Gogo wayar. Gogo ita ce matar marigayi Talle, ta tsufa, idonta ya tafi.

"Gogo, zan kira sunan Baba a ƙasar Saudiyya, a gaban jama'a," in ji shi.

"To, ɗan nan, ka kira shi da ƙarfi. A kawo mini in ji," ta ce.

Ya sake wa kukumar tsirkiya, ya ƙirƙiro sabon baiti, suka yi ta bita har muryar Musbahu ta dushe.

Ranar biki suna hawa dandamali, kafin izga ta taɓa tsirkiya, sai wani kiɗa ya ɓarke daga lasifika. Ganguna ne na wata ƙasa, da ihu a ciki, ko kamar kiɗan Hausa babu. Badamasi ya juya wajen shugaban shirin. Mutumin ya ɗaga masa hannu, ya ce masa da Larabci ba matsala: "Mafi mushkila, ya sadik. Yalla, kai dai motsa hannu!" Makirufon da aka kafa masa a gaba ko waya ba a jona masa ba. Wannan wane irin raini ne? A ɗauko mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sana'a, a tsayar da shi kamar mutum-mutumin gona!

Duk da haka ya buɗe murya ya kira Talle, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Shi kansa bai ji abin da ya faɗa ba. Takaici ya sa ya sauke izgar, ya harɗe hannu ya tsaya. Kiɗan bai tsaya ba. Jama'a suka yi ta tafi, suna ɗaukar hoto.

Ashe wani abokin aikinsu ya ɗauki bidiyo, kuma don alheri ya tura wa Jamilatu tun kafin su sauko. Ita kuwa ta garzaya wurin Gogo. Tsohuwar ta manna wayar a kunne, ta saurara har ƙarshe, ta ce a maimaita. Da Badamasi ya kira washegari, ita ta riga shi magana.

"Na saurara, ɗan nan, ban ji sunansa ba," ta ce a hankali. "Kuma wannan ba kukumar mijina ba ce. Faɗa mini gaskiya, sayar da ita ka yi?"