Rigar Salwa a Jikin 'Yar Tsana

Duk wanda ya san Rumasa'u, 'yar Malam Abdulƙadir mai tasbaha da ke unguwar Rusaifa a Makka, ya san ba ta kallon fuskar mutum sai ta gama da rigarsa. Kina gaishe ta, ita kuwa idonta na kan kafaɗarki, tana neman inda aka haɗa hannun rigar. Tun suna zaune a unguwar Jarwal haka take. Kakanta ne ya taso daga Kano a ƙasa, ya yi shekaru a Sudan kafin ya haye teku, don haka a Makka aka haife ta. Hausa a cikin gida, Larabci da zarar ta taka bakin ƙofa.

Abu biyu ta ɗora wa ranta. Na farko rigunan manyan maɗinkan Bairut da Faris, irin waɗanda sunan mai ɗinkin ya fi yadin tsada. Waɗannan ko hannun guda ba za ta iya saya ba, ita ma ta sani. Na biyu 'yan tsanar tangaran, da take tsintowa a kasuwar tsofaffin kaya ta Jidda, wata ba takalmi, wata gashi duk ya cukurkuɗe. Sai da ta tara goma sha huɗu. Babanta ya yi faɗa har ya gaji, ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da siffa. A ƙarshe aka yi sulhu, suka koma cikin kabad a rufe, shi kuma ya yi kamar bai san da zamansu ba.

Aikinta zuba gahawa ne a wani zauren bikin mata, ƙarƙashin Gwaggo Zali, aminiyar Innarta, wadda ke da 'yan mata goma sha biyu a hannunta. Da wannan aikin ake ɗora tukunya a gidansu tun da gwiwoyin Malam suka hana shi tsayuwar kasuwa. Dokar zauren guda ce, kuma ba wasa a cikinta: kowace mace za ta bar wayarta a ƙofa, domin a ciki ake cire abaya, a fito da kwalliyar da ba a yi don idon waje ba. Abin da aka gani a ciki, a ciki yake tsayawa.

To, waya ake karɓa, ba wanda ya taɓa tunanin karɓar ido. Rumasa'u na riƙe da butar gahawa a hagu, finjalai a dama, tana zagayawa tana haddace riguna. Washegari ta zana, ta bi shagunan yadi tana roƙon ƙyallaye, ta zauna da allura mako biyu ko uku. Haka kowace 'yar tsana ta samu rigar da ta taɓa shiga zauren nan a jikin wata. Ba ta sayarwa, ba ta nuna wa kowa. Idan ta buɗe kabad ɗin ta dube su, ranta fari ƙal.

A shekarar 2016 aka yi bikin wata Salwa, 'yar manyan gida. Rigar amaryar daga Bairut aka kawo ta, fara, an jera mata ƙananan duwatsu daga kafaɗa har ƙasa. Rumasa'u ta kusa zuba wa wata tsohuwa gahawa a cinya don kallo. Wata guda ta yi tana ɗinka tata, ta sa wa 'yar tsanar da ta fi so, mai ɗan tsagu a bayan kunne.

Sai ga Minnatullah, 'yar ƙanwar Innarta, ta zo wuni. Yarinya ce da ko shayi aka zuba mata sai ta ɗauke shi hoto kafin ta sha. Ta buɗe kabad tana neman sallaya, ta yi ihu, ta ɗauki 'yar tsanar hoto, ta watsa wa ƙawayenta, ba ta ko tambaya ba. Daga waya zuwa waya, cikin kwana huɗu hoton ya isa hannun uwar amarya.

Da hantsi Gwaggo Zali ta kira.

"Rumasa'u, wace jawwal kika shiga da ita bikin Salwa?"

"Wallahi Gwaggo ban shiga da waya ba. Ke da kanki kika karɓa."

"To Ummu Yunus, uwar amaryar, ta ce ba mai yin wannan ɗinkin sai da hoto a gabansa. Bayan la'asar ki shirya, mu je gidanta. Ki zo da abar nan yadda take, kada ki taɓa ko zare ɗaya."

Rumasa'u ta ajiye wayar. Ta ɗora shinkafa ta manta gishiri. Ta ɗauki almakashi har sau biyu, ta ce bari ta yayyanka rigar kowa ya huta, sai ta tuna hoton ya riga ya fita, yankawar ma shaida ce a kanta. Innarta kuwa sai zirga-zirga take tsakanin kicin da falo tana tafa hannu.

"Ya binti, kin kashe mu. Idan aka ce yaran Zali na fitar da hoton mata, wa zai ƙara kiranta biki? Ita ta tsaya miki, ta ce 'yata ce. Kuma ki gaya min me zan ce wa babanki ranar da aka ce ki zauna a gida."

Rumasa'u ta nufi kabad. Ta naɗe 'yar tsanar da tawul biyu, ta rungume ta a cikin abaya. A mota Gwaggo Zali tasbaha kawai take ja da ƙarfi, duk ƙwayar da ta faɗa kan 'yar'uwarta sai Rumasa'u ta ji ta a ƙirjinta.

Ummu Yunus doguwar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ta fi mai ihu ban tsoro. Ba ta ce su sha komai ba. Ta miƙa hannu, Rumasa'u ta warware tawul ta ba ta. Matar ta sa tabarau, ta matsa kusa da taga, ta juya abar gaba da baya. Ta daɗe tana dubawa, har Rumasa'u ta fara jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kamar a cikin kanta take.

Can sai yatsanta ya tsaya a kafaɗar hagu. Ta ɗaga wata 'yar fulawa da farce. A ƙarƙashinta akwai ɗinki uku, da zaren da farinsa bai kai na rigar ba.

"Wannan fa?" ta tambaya da Larabci.

"Haka na gan shi, ya sitti. Da amarya ta sunkuya za ta sumbaci kakarta, fulawar ta ɗaga."

Matar ta cire tabarau. "Ana saura kaɗan ta fito jerin duwatsun ya tsinke. Ni na kama shi da hannuna, da zaren da na samu a jakata. Ko 'yar'uwata ba ta sani ba. A hotunan mai ɗaukar hoton da muka kawo ma bai fito ba." Ta juya ga Gwaggo Zali. "Yarinyarki ba ta shiga da waya ba. Na yarda."

Rumasa'u ta saki numfashin da ta riƙe tun hantsi. Da ta san abin da ke tafe, da ba ta yi saurin sakinsa ba.

Ummu Yunus ta ɓalle 'yan maɓallan baya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta zare rigar, ta ninke ta cikin tafin hannunta. Ta miƙo 'yar tsanar haka nan, jikin ƙyalle da hannuwan tangaran.

"Ɗinkinki ya yi kyau, masha Allah. Amma waya ana iya karɓe ta a ƙofa, ke kuwa fa? Zali, kada ki kore ta, ban ce a hana ta abinci ba. Sai dai ni da danginmu ba za mu cire abaya a inda take tsaye ba. Halas."

Gwaggo Zali mace ce mai sanin inda abincinta yake. Tun a hanyar komawa ta yanke hukunci, kuma ba na bikin dangin Ummu Yunus kaɗai ba, na kowane biki. Rumasa'u ta ajiye butar gahawa. Aka ba ta kujera da tebur a ƙofar waje, ita ce mai karɓar wayoyi, ta sa kowace a 'yar jaka, ta ba mai ita lamba. Albashinta bai ragu ba. Innarta har sadaka ta yi, Malam kuwa bai taɓa jin labarin ba.

Shekara uku ke nan tana wannan kujerar. Mata na wucewa ta gabanta ɗari biyu, ɗari uku, baƙar abaya bayan baƙar abaya, ba sa cire abaya sai sun shige ƙofa ta biyu, ita kuma ƙofar a rufe take. Tana jin kiɗa, tana jin guɗa idan amarya ta fito. Abin na cin ranta, ba ta ɓoyewa. 'Yan tsanarta goma sha uku na nan da tsofaffin rigunansu, ta goma sha huɗun tana naɗe a tawul.

Abokan aikinta sun ce tun da abin ya faru ta zama mai kunya, kullum kanta a sunkuye. Ba kunya ba ce. Idan mace ta ɗaga ƙafa za ta hau matakalar nan guda ta bakin ƙofa, abaya kan ɗan ja sama, bakin rigar ciki ya leƙo kamar faɗin yatsa biyu. Shi take jira, gabanta na faɗuwa kada wata ta lura.