Miyar Kuka a Lagireto

Shekarar da surukata Inna ta zo Umara ta sauka gidanmu a Madina, abu ɗaya ta ƙwallafa wa rai bayan ziyara: ta yi raka'a biyu a Masallacin Kuba da safiyar Asabar. Jirginsu Lahadi zai tashi, ke nan Asabar ɗaya gare mu. Ga ƙafafunta sun kumbura, ko bakin layi ba ta iya kaiwa.

Maigidana, Malam, yana tuƙa wata tsohuwar mota wanit ta kafilinsa, wato ubangidansa, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, yana ɗaukar dabino da kayan masu ƙaura. Sati biyu ke nan tana zafi. A cika lagireto da safe, kafin azahar ruwa ya yi ƙasa, amma a ƙarƙashinta ko ɗigo babu.

Ran Juma'a bayan la'asar na hango su ta taga, shi da maƙwabcinmu ɗan Chadi, sun zura kawuna cikin inji. Sun taɓa bel ɗin fanka, ƙalau. Sun matsa tiyo, ƙalau. Sai maƙwabcin ya yanke hukunci.

"Ya akhi, huda ce 'yar ƙarama, ido ba ya ganinta. Mu a sahara garin kuɓewa muke zubawa, ya toshe. Mujarrab, mun gwada mun gani, wallahi!"

Ba ni da kuɓewa. Kuka gare ni, wadda Inna ta ƙullo mini tun daga gida cikin leda uku. Malam ya leƙo kicin.

"Cokali ɗaya kawai."

Na ba shi. Ya dawo ya ce maƙwabci ya ce injin babba ne. Ludayi biyu suka tafi, ina kallo, ina hailala a zuci.

Da safe muka jeru a gaba mu uku, Inna a tsakiya da carbinta. Ba mu gama fita daga unguwarmu ta Harra ba allurar zafi ta fara hawa. Malam ya murɗa hita har ƙarshe, wai tana janye zafin inji. A Madina, cikin tsakiyar zafi! Inna ta share gumi da gefen hijabi.

"Ɗan nan, laifin me na yi maka?"

"Inna, dabara ce."

"To dabararka tana gasa mini gwiwa."

Can sai tururi ya taso. Ya gangara gefen titi, ya ɗaga bonet. Koriyar kumfa na tsartuwa, ga wani ƙamshi da na sani tun ina ƙarama. Inna ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Wace ce ta ɗora miya ba daddawa?"

Na sauko, na tsaya nesa kaɗan. Malam sai leƙen ƙasa yake, yana neman hudarsa. Ni kuwa kunne na kasa. Wani siririn fito nake ji, fiiii, kuma daga murfin lagireton yake fitowa. Haka tukunyata ta matsi take yi idan robar murfinta ta mutu: ruwa ya gudu a tururi, nama bai nuna ba.

"Malam, ba huda ba ce. Murfin ne ba ya riƙewa."

"Ke da kika san mota a ina?"

"Ban san mota ba, na san tukunya. Kuma kar ka taɓa shi yanzu, sai ta huce."

Da ta huce ya sa tsumma ya buɗe. Robar ta tsattsage kamar busasshiyar ganda. Ya daɗe yana juya murfin a hannu. Ya leƙa ciki, ya tsoma yatsa, ya ɗago, yauƙi ya biyo shi. Miyar ta yi kauri, ta toshe ko'ina. Sabon murfi ma ba zai tashe mu ba, sai an wanke lagireton a warsha, wurin makanikai.

Hantsi ya yi sosai. Malam ya ce bari ya tsayar mana da tasi. Inna ta riƙe kujera.

"Da motar ɗana na yi niyya. Ba na sauka."

Ya roƙa, na roƙa. Idonta ya ciko, nawa ma ya ciko.

Mai motar da Malam ya kira ta zo ɗaukar wanit ɗin wani dattijo ne ɗan Nijar. Ya ji bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, zauna abinki. Ta lungu za mu bi, sannu sannu."

Aka ja wanit aka ɗora a bayan babbar mota, muna ciki. Malam ya zauna a mazauninsa, kuma don sabo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, har yana ba da sigina. Inna na can sama da kowa, tana amsa sallamar mutanen da ba su yi mata ba.

"Ka ga yanzu tuƙinka ya yi daɗi," in ji ta.

Muka isa Kuba kafin rana ta take. Mu biyu muka sauko da ita, na riƙe ta har ɓangaren mata. Ta yi raka'o'inta a zaune, ta daɗe hannuwanta a sama. Da na matso don in tashe ta, na ji tana cewa, "Allah, ka ba wa motar nan lafiya, ka kuma shirya wanda ya ɓata mini kuka."