Jifan Sadisu, Da Ni Da Ban Iya Koyar Da Shi Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sadisu a Birmingham, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ce sana'arsa besbol ce, sai a gyara mini a ce ko kurket nake nufi. Na gaji da bayani.

A Amurka ya tashi, lokacin da mahaifinmu ke karatu a can, kuma a can ya ci abinci da ƙarfin hannunsa na dama. Mai jifa ne na ko-ta-kwana. Ba shi ke fara wasa ba, sai na farko ya gaji ko al'amura sun dagule ake kiransa ya kashe wutar. Wata rana ya ɗumama jiki har a tashi ba a neme shi ba. Ina tsokanarsa cewa ana biyansa ne don ya iya jira.

Da kafaɗarsa ta lalace aka sallame shi, ya tattaro iyalinsa ya dawo wurina a unguwar Lozells ta Birmingham, a nan Ingila. Bai yarda ya gama ba. Mai jifa ba ya atisaye shi kaɗai, dole wani ya tsuguna ya cafe. Ni akawu, da tumbina, na zama mai cafewa a filin bayan gidajenmu. Yana da wani jifa da ke tahowa sak, sai ya iso gabanka ya faɗi kamar an tsinke masa igiya. Tafin hannuna ya sha kumburi.

'Yarsa Hanifa tana ƙarama ya rasu. Yanzu tana jami'a a Manchester, ta shiga wata ƙungiyar besbol ta 'yan sa-kai. Da yana raye da ya yi dariyar filinsu, sannan ya ɓuya ya yi kuka. Kwanan baya na kai mata ziyara a unguwarsu Levenshulme, ta miƙo mini ƙwallo.

"Baffa, please, nuna mini yadda Daddy yake riƙe ta. Kai kaɗai ka sani."

Na juya ƙwallon, na sake juya ta. Ban sani ba. Mai cafewa isowar ƙwallo yake kallo, ba yatsun da suka sake ta ba. 'Yan hotunan wasansa da muke da su daga nesa aka ɗauka. Abokan wasansa sun watse, ban san inda ko ɗaya yake ba.

Muka je fili, na tsuguna da ƙyar. Ta jefa, ta sauya riƙo, ta sake jefawa.

"Haka ne, Baffa?"

"A'a, 'yata. Ba haka take zuwa ba."

Wannan abu yana ci mini rai. Duk abin da ya saura na gwanintar Sadisu a duniya shi ne ni in ce mata ba haka ba ne. Gwiwoyina sun fara ƙin tsuguno, ido ma ya rage. Ran da na bi Sadisu, Hanifa za ta iya dacewa da jifan mahaifinta daidai, ba kuwa wanda zai gaya mata ta dace.